Ƙullin Daddawar da Yaya Ba Ta Buɗe Ba

Ni na ce ta karɓa. Gara in fara da wannan, don na yi shekara bakwai ina fara labarin nan daga wani wurin daban.

A lokacin ina aiki a wani gida a unguwar Bagdadiyya, cikin Jidda, wanki da guga da girkin rana, kuma maigidan shi ne kafilina, da sunansa aka yi mini iƙama, takardar izinin zama. Alhamis da Juma'a nake komawa ɗakina a unguwar Nuzla. Gidan hayarmu ɗaki tara ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kuma cikin matan gidan kaf mu biyu ne kawai za mu iya wucewa ta gaban motar 'yan sanda ƙafarmu ba ta yi sanyi ba. Sauran duk hajji ko umara ce ta kawo su suka maƙale, suna dako, suna wankau, suna sayar da abinci a bakin layi.

Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana Kano. Ita ta goye ni, ita ta yi mini kitson farko. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya mace ɗaya, tana ɗinkin hula suna ci. Ba ta taɓa roƙona komai ba, amma duk kaset ɗin da za ta aiko mini, don a lokacin a kaset muke gaisawa, sai ta ce in na je Harami in kalli Ka'aba da kyau in kalla mata. Da Allah ya hore mini sai na biya mata kujerar umara ta watan azumi.

A ɗakin da ke kallon nawa akwai wata mata mai sayar da turaren wuta da atamfa, mai fara'a, hannunta a sake. In ta yi dambu sai kowane ɗaki ya ɗanɗana. Da ta ji Yaya za ta zo, ta shigo ɗakina ta zauna a bakin katifa, ta ce 'yan'uwanta na Kano suna da ɗan ƙullin daddawa da kuka, ko Yaya za ta taimaka ta riƙo mata. Ko tunani ban yi ba na ce ai wannan ba komai ba ne.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane ba. Duk mai tasowa daga gida, rabin jakarsa ta mutane ce: yajin wannan, kubewar wancan, wasiƙa, maganin basir. Kuma saƙo ba a buɗe shi. Ka kwance ƙullin da aka ba ka amana, kamar ka kalli mai shi ne ka ce masa ɓarawo. Mahaifinmu bafatake ne, ya taɓa riƙe ƙunshin wani mutum wata biyar a ƙarƙashin gadonsa saboda mai shi ya yi tafiya, har gara ta fara cin tsumman, bai kwance ba. Da wannan labarin aka rene mu, kuma Yaya ta fi ni riƙe shi.

Na je shagon waya na kira gidan maƙwabcinsu mai tarho, aka kirawo ta. Ta ce ita fa kayanta ma sun yi mata yawa, kuma ba ta san mutanen ba. Na ce haba Yaya, daddawa ce fa, na riga na amsa, kada ki ba ni kunya a cikin gida. Ta ce to Auta, tunda kin amsa.

Ranar saukarsu tun hantsi ina filin jirgi, da sabon mayafi da na saya mata a leda. Mutane suka fito, suka fito, har masu keken guragu suka fito, ba Yaya. Na tare wata mata da na ji tana Hausa, na kwatanta mata ita. Ta ja ni gefe, ta ce an tsare wata mai irin wannan kamar a wurin binciken kaya, ta ga an farfasa daddawa a kan tebur, a cikin kowane curi akwai farar hoda a ƙulle a leda. Tana faɗa ta saki hannuna ta yi gaba da sauri, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ban san yadda na kai Nuzla ba. Ɗakin mai turare a buɗe yake, kwaɗo na lilo a jikin ƙofa, ba katifa, ba akwati, sai ƙamshin turarenta. Matan gidan suka ce kafin azahar wata mota ta zo ta kwashe ta, ta ce musu Madina za ta je ziyara. Har yau ko ƙasa ko sama.

Kwana goma sha takwas ban san inda Yaya take ba. Da aka yarda a gan ta, na je gidan yarin mata na shiga layi da iƙamata a hannu, don marar takarda ba ya zuwa ko kusa da wurin. Na duba layin gaba da baya. Mu ne dai: mutanenmu, 'yan Chadi, 'yan Habasha, 'yan Somaliya, sai tsirarun 'yan Pakistan. Ba wanda ya gaya mini komai, idona ne ya gani.

Wurin ganawar raga biyu ce ta ƙarfe, tsakaninsu wata ma'aikaciya tana kai da kawo, kowa na ɗaga murya don nasa ya ji. Yaya ta rame, amma ɗaurin ɗankwalinta na nan yadda na san shi. Ta ce sun tambaye ta kayan na wane ne, ta ce nata ne, don a wurinta abin da aka damƙa maka naka ne sai ka kai shi. Sun tambaye ta wa ya ba ta, ta ce wani mutum ne ya kawo har ƙofar gida, ba ta taɓa ganinsa ba. Wanda ya yi mata tafinta haifaffen nan ne, yana jin Hausa amma bakinsa ba ya kamawa, rabin maganarsa Larabci. A ƙarshe aka kama babban yatsanta aka dangwala a takardar da ba wanda ya karanta mata. Sun kuma tambaye ta ko akwai wanda ya ce ta karɓa, ta ce babu.

Na ce mata gobe-goben nan zan je in faɗa musu ni ce.

"Ki kame bakinki, Auta," in ji ta. "In suka haɗa da ke, wa zai ci da yarinyar nan? Wa zai zo mini nan ranar ziyara?"

Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ce ba zan iya ba. Amma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, da ta hana ni, wani sanyi na ji a raina. Tsoro nake ji, tsoro mai sa fitsari, kuma ta gane, shi ya sa ta ba ni dalilin da zan fake da shi. Na koma gida na kame bakina.

Kowa a Nuzla ya san hukuncin mai shigo da irin wannan kaya yana iya kaiwa ga takobi, kuma mu dai ba mu taɓa jin an aiko wa dangi cewa gobe ne ba. Sai dai a ji a labarai bayan an sauko daga masallaci. Don haka Juma'a ta zama mini ciwo. Ana idar da salla sai matan gidan su taru a ƙofar ɗakina saboda na fi su jin Larabcin rediyo, wasunsu ma nasu mazan ko 'ya'yan suna ciki. In mai labarai ya sauya murya sai tsakar gidan ta yi tsit, mai daka ta tsayar da taɓarya. In ya wuce zuwa labarin yanayi sai in ce halas, ba namu, kowa ta tashi ta koma kan tukunyarta.

Wata huɗu da kama Yaya, aka kama ɗan gidan da nake aiki, na biyun, wanda na yi wa wanka yana ƙarami. A wani shingen bincike aka buɗe bayan motarsa aka samu ƙwayoyi kwali-kwali da tabar da suke sha. Ba na shansa ba ne shi kaɗai, kowa a gidan ya sani. Ni da hannuna na sha tarar da ƙunshinsu a bayan rigunansa in na je jera guga, kuma na sha ganin motocin da ke tsayawa a ƙofa ba a kashe inji ba.

Gidan ya cika da maza, kawunnai da surukai da waɗansu da ban taɓa gani ba, ana ta buga waya. Ni nake dafa gahawa ina miƙa wa direba yana kaiwa falo. Kafin kwana uku magana ta zauna a bakin kowa: yaron ba shi da lafiya. Aka mayar da shi wani asibiti wai ana yi masa magani, ni nake dafa masa romon kaza kullum, a zuba a kula a kai masa. Mako bakwai ya dawo gida ya yi ƙiba. Aka yanka raguna biyu, ni na wanke shinkafar.

Uwar ɗakina, wadda duk masu aikin gidan muke kira Mama, ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Ta sha ba ni sutura, da na yi zazzaɓi ita ta kai ni wurin likita. Shi ya sa na yi ƙundunbala na same ta a kicin washegarin walimar, na durƙusa, na gaya mata komai banda nawa laifin. Na ce ko maigida zai sa baki, ko da a samo wa Yaya wanda zai karanta takardar da ta dangwala wa hannu.

Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, a hankali, kamar mai lallashi: "Ɗana abokai ne suka yaudare shi. Ku kuwa 'yan takari, baƙaƙen baƙin nan, wannan ai sana'arku ce, kowa ya sani."

Ta ƙara da cewa don Allah kada maigida ya ji, in ya ji zai soke iƙamata, ita kuma ba ta son rabuwa da ni. Na ce to Mama. Na koma ɗakin guga, na shimfiɗa farar rigar ɗan nata, sabuwa, na ɗora dutsen guga a ƙirjinta na tsaya ina kallo har hayaƙi ya tashi. Na ce kuskure ne. Iyakar jaruntakata ke nan a shekarar.

A cikin gidan yarin ma Yaya ta ba ni labarin wata farar mata da aka kawo ɗakinsu, mai fasfon wata babbar ƙasa, ita a jakar hannunta aka samu hodar. Maza masu kwat suna zuwa ganinta a ofis, ba ta bayan raga ba, suna kawo mata littattafai. Ba ta cika wata shida ba aka sa ta a jirgi. Yaya ba da haushi ta faɗa ba, har tana dariya wai ta yi mata kitso sau biyu amma gashin santsi gare shi, ba ya zama. Ni ce na fito ina zagi a titi ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya.

Sai da aka shekara ɗaya da rabi aka yanke hukunci. Alƙali ya ɗauke mata takobi, ya ba ta shekara goma sha biyar. Wallahi sujada na yi a kan kwalta a ƙofar kotun, goshina ya ƙone ban ji ba. Mace mai shekara hamsin da ciwon suga an ba ta goma sha biyar, ni kuma ina murna har da raba alewa a Nuzla.

Tunda ni ce mai takarda mai zuwa ziyara, sai matan unguwa suka fara kawo mini saƙon nasu mutanen: sabulu, zane, man shafawa, garin kunu. Ranar farko wata dattijuwa 'yar Kano, wadda ɗanta da surukarta duk suna ciki, ta miƙo mini ƙulli. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kwance shi a gabanta. Na tsaga sabulun gida biyu, na zazzage garin a faranti, na bi kalmasar zanen da yatsa. Ta kalle ni kamar na tuɓe ta a kasuwa. Ta ce ta haife ni ta haifi uwata, ita zan yi wa haka? Na ce Iya, ko uwata ce ta taso daga kabari ta ba ni ƙulli sai na buɗe. Ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Suka sa mini suna kwastan, ana ganina sai a ce ga kwastan nan, ɓoye kayanku. Amma sannu a hankali na ga su ma in za su karɓi saƙon gida sai sun shimfiɗa tabarma.

Daga kai saƙo na koma kai ƙara. Akwai wani tsoho da ke zama da ɗan tebur da laima kusa da ofisoshin gwamnati, yana rubuta wa mutane takardar koke. Jikan mutanenmu ne, kakansa da ƙafa ya zo hajji. Na riƙa tattaro abin da matan ciki suke faɗa mini ta raga ina kai masa. Mu roƙa a samo tafinta mai jin Hausa ta gaske. A karanta wa mutum takarda kafin a kama yatsansa. Likita ya riƙa duba masu suga da hawan jini. Wadda ta gama wa'adinta kada a bar ta tana jiran jirgi shekara guda. Duk ya rubuta da kyakkyawan Larabcinsa mai yawan addu'a. Da na ce ya ƙara cewa kaya iri ɗaya a auna shi da ma'auni ɗaya, ko baƙi ne ya ɗauko ko fari, ko ɗan gida ko baƙo, sai ya ajiye alƙalami ya cire tabarau. Ya ce 'yata, wannan layin jirgi zai kai ki, kuma yayarki za ta rasa mai ziyara. Muka yi ta ja, na kira shi matsoraci, ni da na fi shi. A ƙarshe ya rubuta cewa muna fatan adalci ya game kowa.

Sa hannu ma wahala ne. Mata talatin za su ce suna bayana, amma marar iƙama ba ta isa ta sa sunanta a takardar hukuma ba, sai mu uku kawai. Na kai takarda ta fi a ƙirga, wasu a karɓa a buga hatimi, wasu a ce in dawo bayan salla. Ba zan ce a banza ba. An wayi gari an fara barin mu shigar da maganin suga, kuma daga baya na ji an samo wata mata 'yar unguwar Ammariyya mai Hausa garau tana yi wa sababbin kamu tafinta. Duk azumi kuma ana fitar da sunayen waɗanda aka yi wa afuwa. Duk azumi sai na je na tsaya an karanta har ƙarshe, sunan Yaya bai taɓa fitowa ba.

A shekara ta bakwai ƙafarta ta ruɓe daga ɗan yatsa. Ziyarar ƙarshe a kan kujera aka turo ta, ba ta ganina sosai, da murya ta gane ni. Ta tambaye ni yarinyar, na ce ta zama budurwa, har manema sun fara zuwa. Bayan kwana tara aka bugo waya gidan kafilina da safe ina shanya. A nan Jidda aka binne ta. Suka ba ni wani ƙulli a cikin zanenta, da irin ɗaurinta, ma'aikaciyar ta ce ta bar wasiyya a kai wa 'yarta.

'Yar Yaya ta yi shekara bakwai tana aiko mini da kaset tana cewa Inna, Allah ya saka miki, ba don ke ba da mun shiga uku. Kowane kaset sau ɗaya nake iya saurara. Ranar da aka yi addu'ar bakwai, da la'asar, na rufe ɗaki na sa sabon kaset a rikoda na gaya mata komai, tun daga mai turare har wayar da na buga. Na tura shi ta gefen ƙullin ba tare da na kwance ɗaurin Yaya ba.

Mai tafiya gida a makon ita ce dattijuwar nan 'yar Kano, ta gaji, za ta miƙa kanta ga hukuma a mayar da ita gida. Na kai mata ƙullin, matan gida suna zazzaune ana tsinke zogale. Ta dube shi, ba ta miƙo hannu ba. Ta sa aka shimfiɗa tabarma.

Na ce Iya, amanar mamaciya ce, ni ma ban buɗe ba.

"Ke kika koya mana," ta ce. "Buɗe."

Da haƙori na kwance ɗaurin. Mataji ne a ciki, da silifa, da carbin da ta yi da ƙwallon dabino. A ƙasa kuma farar riga da farin hijabi, waɗanda ta ɗinka a Kano don ta yi ɗawafi da su. Karin ninkin ya yi ja saboda daɗewa, ba a taɓa sa su ba. Daga inda ta yi shekara bakwai zuwa Makka tafiyar awa ɗaya ce a mota.

Dattijuwar ta ɗauki kaset ɗin ta juya shi, ta tambaye ni wannan fa. Na ce magana ce kawai. Ta ce ita ba ta ɗaukar abin da ba ta san cikinsa ba, a kawo rikoda. Ina da bakin da zan hana, kowa ya san bakina, amma ban hana ba. Aka danna, sai ga muryata a tsakar gidan da na yi shekara bakwai ina tsaga sabulun mutane, tana cewa: 'yata, ni na ce ta karɓa.

Ba wadda ta tashi har ya ƙare. Famfo na ɗiga a bokiti, zogale na kan cinyoyinsu. Dattijuwar ta cire kaset ɗin, ta ninke rigar a kan karinta na da, ta ɗora shi a sama, ta ɗaure zanen da nata ɗaurin ta sa a jaka.

Na samu labari ta kai shi hannu da hannu. Yarinyar ta yi aure, an ce 'ya'yanta huɗu, ta fari sunan Yaya aka sa mata. Ba ta sake aiko mini da kaset ba.